Sunuka a Zariya: Abin da mai sayen sanda da mai kafa tebur ya kamata su sani

Wusasa, wadda ke gindin Dutsen Kufena a wajen ganuwar tsohon birnin Zazzau, ta yi suna ne da cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, da asibitin St. Luke, da kuma kasancewarta garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Amma idan la'asar ta yi sanyi, akwai wata ƙara da akan ji a nan kamar yadda akan ji ta a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, wato ƙarar ƙwallo tana bugun 'yar uwarta a kan koren tebur, a ƙarƙashin rumfar kwano ko a gefen shagon aski. Matasa sun kewaye, ɗaya ya sunkuya da sanda a hannu, sauran kuma kowa na ba shi shawarar da bai nema ba.

Wasan sunuka ya daɗe da fita daga kulob-kulob na manya ya shigo unguwa, ya kuma zama sana'a. Ɗan kasuwa kan ware wani abu daga jarinsa ya sayi tebur ya ɗora yaro a kai, ma'aikacin gwamnati ma kan yi haka domin ya samu abin cefane kafin albashi ya shigo. Da yawa daga cikinsu sukan sayi kayan ne ba tare da sanin abin da ke bambanta mai kyau da marar kyau ba, sai damina ɗaya ta wuce su tarar tebur ya kumbura, sanduna sun karkace, gwanayen da ke jawo 'yan kallo kuma sun koma wani wuri. Sanin kayan wasan nan shi ne kariyar jarin mai tebur, shi ne kuma matakin farko ga matashin da ke son ya ƙware.

Suna ɗaya, wasanni biyu

Abu na farko da ke rikita mai saye shi ne suna. A Najeriya kusan duk teburin da ke da ramuka shida da koren ƙyalle sunuka ake ce masa, alhali wasanni ne daban-daban, kuma kayansu ba ɗaya ba ne.

Sunuka ta ainihi ana buga ta ne a kan babban tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi daban-daban 6, sai farar da ake bugawa da sanda. Kowace ja maki ɗaya ce, rawaya 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa kuma 7. Ɗan wasa kan jefa ja ne sannan ya bi ta da mai launi, a mayar da mai launin mazauninta, har jajayen su ƙare. Wanda ya bi kowace ja da baƙa, sannan ya kwashe masu launi a jere ba tare da kuskure ba, ya tara maki 147, wanda shi ne ƙololuwar abin da ake samu a zama ɗaya bisa al'ada.

Abin da aka fi bugawa a rumfunan Zariya kuwa shi ne wasan da Turawa ke kira ful. Teburinsa ƙarami ne, daga ƙafa 6 zuwa 9, ƙwallayensa 15 ne ban da fara. Kowane ɗan wasa yana da bakwai, ko dai ja da rawaya a tsarin Ingila, ko masu launi ɗaya da masu zane a tsarin Amurka, kuma wanda ya gama nasa ya jefa baƙa mai lamba 8 shi ya ci.

Bambancin ya kai har ga girman ƙwallo. Ta sunuka faɗinta milimita 52.5 ne, ta ful ɗin Amurka milimita 57 da ɗoriya, ta ful ɗin Ingila kuwa kusan milimita 51. Wanda ya ɗauki siririyar sandar sunuka yana fasa manyan ƙwallayen Amurka da ita, ba zai daɗe ba bakinta zai tsage. Wanda kuma ya zuba manyan ƙwallaye a teburin da aka yanka ramukansa domin ƙanana, zai ga wasa yana ja ba ya ƙarewa. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: wane wasa aka ƙera wannan teburin dominsa?

Daga barikin soja zuwa rumfar unguwa

Uwar waɗannan wasanni duka ita ce biliyad, wadda sarakunan Turai suka buga tun ƙarni na 15. Sunuka kuwa a Indiya aka haife ta. A 1875, a garin Jabalpur, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Neville Chamberlain ya haɗa wasannin biliyad guda biyu ya fitar da sabo. Wannan ba shi ne Chamberlain da ya zama firaministan Birtaniya ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kalmar sunuka ita kanta laƙabi ce da sojoji ke tsokanar sababbin ɗaliban makarantar horar da hafsoshi da shi, kamar a ce ɗan koyo.

An fara gasar duniya a 1927, kuma Joe Davis ya lashe ta sau 15 a jere kafin ya janye daga gasar bayan ta 1946. Tun daga 1977 ake yin ta a zauren Crucible da ke birnin Sheffield na Ingila. Wasan ƙarshe na 1985 tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis ya kai har bayan tsakar dare, mutum miliyan 18 da rabi suna kallo a talabijin, kuma a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe aka raba gardama. Daga nahiyar Afirka, Perrie Mans na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a 1978. A 2025 kuma Zhao Xintong na ƙasar Sin ya zama ɗan Asiya na farko da ya ɗauki kofin.

A Najeriya wasan ya shigo ne ta hannun Turawan mulki, ta kulob-kulob ɗinsu da wuraren shaƙatawar hafsoshi. Har yau tsofaffin kulob irin su Ikoyi Club 1938 a Legas suna da sashen biliyad da sunuka. Zariya gari ce da ta tara irin mutanen da wasan ke bi: tashar jirgin ƙasa da ta raya Sabon Gari, cibiyar horar da kuratan soja da aka kafa a 1924, da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejoji da ke cika garin da ɗalibai daga ko'ina. Abin da ya sauko da wasan zuwa unguwa shi ne ƙaramin teburin ful, wanda kafinta zai iya kwaikwayonsa da katako, wanda kuma ke shiga rumfar da babban teburin sunuka ba zai shiga ba.

Sanda

Da farko ba da sanda irin ta yau ake wasan ba. Wani katako ne mai faffaɗan kai da ake tura ƙwallo da shi. Idan ƙwallo ta manne da gefen tebur, sai a juya katakon a buga da wutsiyarsa, kuma daga kalmar Faransanci mai nufin wutsiya aka samo sunan da Turawa ke kiran sandar da shi.

Sandar sunuka ta yau tsawonta inci 57 zuwa 58 ne, wato kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuma ya kama daga giram 450 zuwa 540. Gabanta akan yi shi da itacen ash, mai jijiyoyi a bayyane da ɗan wasa ke iya daidaita ido da su, ko kuma da itacen meful mai santsi. Gindinta akan haɗa shi da eboni, baƙin itace mai nauyi, domin ya rinjayar da sandar zuwa hannun da ke riƙe da ita. Mafi shaharar eboni daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da kudancin Najeriya yake fitowa, kuma ɗan uwan kanya ne, itacen da kowane yaron ƙasar Hausa ya sha 'ya'yansa. Sandar ful ta Amurka ta ɗan fi nauyi da kauri, kuma galibi da meful ake yin ta. A 'yan shekarun nan an fara ƙera gaban sanda da zaren kabon, wanda zafi da laima ba sa karkata shi, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin rumfar unguwa.

Dokar sunuka ta ce sanda ba za ta gaza ƙafa 3 ba, kuma dokar tana da labari. A 1938, a wani wasa a Landan, farar ƙwallo ta maƙale wa Alec Brown a tsakiyar jajaye. Sai ya zaro wata 'yar sanda mai tsawon alƙalami daga aljihu, ya shafa mata alli ya buga. Alƙalin wasa ya ce laifi ne, hukumar wasan kuma ta zauna ta ƙayyade tsawo.

Akwai sanda ɗaya tilo, akwai mai gaɓa biyu da ake murɗawa a tsakiya, akwai kuma wadda gaɓarta ke kusa da gindi. Ga teburin haya tilo ta fi, domin ba ta da gaɓar da za ta saki. Ga wanda zai riƙa yawo da tasa a kan babur, mai gaɓa ce ta dace da shi.

Mai saye zai gane miƙaƙƙiyar sanda ta hanyar ɗora gindinta kusa da ido, ya kalli tsawonta kamar mai auna bindiga, yana juya ta a hankali. Idan baki yana rawa, sandar ta karkace. Mirgina ta a kan tebur ma hanya ce, amma tana iya yaudara, domin wasu sandunan sunuka an sassaƙe gefe ɗaya na gindinsu, kuma teburin kansa yana iya zama shi ne karkatacce. Sannan a girgiza ta kusa da kunne. Idan wani abu yana ƙara a ciki, ƙarfen da aka sa domin nauyi ya saki.

Fatar baki da alli

Duk tsadar sanda, abin da ke taɓa ƙwallo shi ne 'yar fatar da ke bakinta, wadda faɗinta a sandar sunuka milimita 9 zuwa 10 ne, a ta ful ɗin Amurka kuma 12 zuwa 13. Ana jingina ƙirƙirarta ga wani hafsan Faransa, François Mingaud, wanda ya samu damar gwaje-gwaje a kan tebur lokacin da yake tsare a kurkuku a farkon ƙarni na 19. Kafin shi, dole a bugi ƙwallo a tsakiya, in ba haka ba katako ya zame. Fata ce ta ba ɗan wasa ikon sarrafa fara.

Yadda abin yake shi ne, idan aka bugi fara a sama da tsakiyarta, za ta ci gaba da bin ƙwallon da ta buga. Idan aka buge ta a ƙasa, za ta juyo baya. Idan aka buge ta a gefe, za ta sauya kusurwar da take barin robar gefen tebur. Idan kuma ta isa ba tare da juyi ba ta bugi ƙwallo a karkace, su biyun za su rabu ne a kusurwa mai digiri 90. Haɗuwar fata da ƙwallo ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake yanke inda fara za ta tsaya. Gwani ya bambanta da ɗan koyo ne a nan, domin ɗan koyo yana kallon ƙwallon da zai jefa, shi kuwa gwani ya riga ya lissafa inda fara za ta tsaya domin bugu na gaba da na bayansa.

Fata mai kyau tana da ɗan tudu a tsakiya. Idan ta baje ko ta yi sheƙi, ba ta riƙe alli, sai a ɗan goge ta da takardar yashi mai laushi. Idan ta cinye har ta kusa zoben tagulla ko na roba da ke ƙarƙashinta, lokacin sauya ta ya yi, domin zoben ne ke karce ƙwallo yana yaga ƙyalle. Akwai wani abin da ya kamata Musulmi mai saye ya tambaya: fatar baki iri biyu ce, mai falle ɗaya da akan yi da fatar saniya ko ta ɓauna, da kuma mai hawa-hawa wadda mafi yawanta da fatar alade ake yi. Wanda abin ya dama sai ya nemi mai falle ɗaya, wadda ita ce ma ta fi araha.

Shi kuma shuɗin alli ko kore da ake shafawa, sunan alli kawai ya ara. Haɗi ne na garin yashi mai laushi da wani ma'adini mai kaushi, wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897. Aikinsa shi ne ya hana fata zamewa. Allin makaranta da wasu ke amfani da shi domin sauƙi ba ya kamawa kamarsa, ga shi yana cika ƙyalle da farin gari. Haka ma hodar da ake barbaɗawa a hannu saboda gumi, tana sauka a kan tebur ta toshe ƙyalle. Safar hannu mai yatsu uku, ko tsumma mai tsabta da za a riƙa goge sanda, sun fi ta.

Tebur da abin da ke ƙarƙashin ƙyalle

Darajar tebur tana ɓoye ne a ƙarƙashin ƙyalle. Teburan farko da katako aka shimfiɗa su, sai a farkon ƙarni na 19 maƙerin tebur na Landan John Thurston ya koma amfani da falalen dutsen silet, irin wanda ake yin allon makaranta da shi a da. Dutsen ba ya shan laima, ba ya kumbura, kuma ana iya goge shi ya daidaita sarai. Babban teburin sunuka falle biyar na wannan dutse ake jerawa a cikinsa, shi ya sa nauyinsa ke haura tan ɗaya. A kasuwannin Najeriya akan kira teburin dutse da mai mabul, a bambanta shi da na katako. Na katako ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma filawud da garin katakon da aka matse suna shan danshi, kuma idan sun kumbura ba sa komawa.

Robar gefe ita ce ta biyu a muhimmanci. Kafin Charles Goodyear ya yi wa hanyarsa ta dafa roba rajista a 1844, robar tebur takan daskare da sanyi ta yi laushi da zafi. Ko a yau rana tana kashe roba. Gwajin mai sauƙi ne: a mirgina ƙwallo da ƙarfi daidai gwargwado, a ga yadda take dawowa daga kowane gefe. Inda ta yi wata ƙara mai nauyi ta dawo a mace, robar wurin ta bushe ko ta saki daga katako.

Ƙyallen sunuka na ulu ne mai gashi da ke kwance daga wajen da ake fara wasa zuwa wajen baƙar ƙwallo, don haka ta wannan fuska kaɗai ake share shi da buroshi. Na ful ɗin Amurka ba shi da gashi, ya kuma fi gudu. A manyan gasanni har ɗumama dutsen ake yi daga ƙasa domin a kori danshi.

Ƙwallaye kuwa, da hauren giwa ake yin su a da, kuma giwayen Afirka sun biya farashin wannan wasa. A shekarun 1860 kamfanin Phelan da Collender na New York ya sa ladar dala 10,000 ga wanda ya samo madadi, kuma neman wannan lada ne ya kai John Wesley Hyatt ga seluloyid, ɗaya daga cikin robobin farko da masana'antu suka yi amfani da su. Ƙwallayen gasa na yau da wani ƙaƙƙarfan ƙaro na masana'anta ake yin su, mafi shahara su ne Aramith na ƙasar Beljiyam. Masu araha sukan dushe da wuri, su tsattsage, nauyinsu kuma ya bambanta. A teburin da ake jefa wa kwabo, farar takan ɗan fi sauran ƙanƙanta ko kuma a sa mata ƙarfe a ciki, domin na'urar ta ware ta ta dawo da ita. Wanda farar tasa ta ɓace ya saye ta barkatai, zai ga tebur yana haɗiye ta tare da sauran.

Hunturu da damina

Kayan nan an ƙera su ne domin ɗaki mai rufi a ƙasashe masu sanyi, ga shi an kawo su garin da iska ke sauya hali sau biyu a shekara. A tsakiyar hunturu laimar iska a Zariya takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma sakinsa, don haka yana kumbura yana tsukewa. Sandar da aka jingina da bango a karkace ta kwana a haka wata da watanni, nauyinta da sauyin iska za su lanƙwasa ta. Sai a tsayar da ita a miƙe a cikin ma'aji, ko a kwantar da ita a wuri mai faɗi. Barin ta a cikin mota da rana tsaka, ko a jikin kwanon rumfa, yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da fata da zobe.

Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙyalle ta zama tamkar takardar yashi, tana cin ƙyallen tana cin ƙwallaye. Rufe tebur da leda ko tamfol a duk lokacin da ba a wasa, da share shi kullum, yana ƙara wa ƙyalle kwana. A damina kuwa a ɗaga ƙafafun tebur daga ƙasa, a duba rufin rumfa, domin ɗigon ruwa ɗaya da ke sauka wuri guda ya isa ya lalata teburin katako. Ƙasar rumfa tana nutsewa bayan ruwa, saboda haka a riƙa auna tebur da ma'aunin daidaito irin na magina, a tsaye da a kwance, ana cusa 'yan katakai a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa.

Abin da gwanaye suka sani

Tsofaffin 'yan wasa sun yarda cewa hannu yana sabawa da sanda kamar yadda direba ke sabawa da motarsa. Idan aka bugi fara a gefe, takan ɗan kauce daga layin da aka nufa, kuma yawan kaucewar ya dogara ne da nauyin gaban sandar. Wanda ya shekara yana wasa da sanda ɗaya, idonsa ya riga ya san gyaran da zai yi. Wanda kullum yake ɗaukar duk wadda ya tarar a rumfa, kullum sabon lissafi yake yi.

Stephen Hendry na Sukotland ya lashe gasar duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da wata sanda da aka saya masa fam 40 yana yaro. A 2003 ta karye a cikin kayan jirgin sama yana dawowa daga Tailan. Ya ci gaba da wasa har ya ci wasu gasanni, amma bai ɓoye cewa rashin sandar ya taɓa wasansa ba. Ronnie O'Sullivan, wanda ya kamo shi da kofi na bakwai a 2022, shi ne ya tara maki 147 cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a 1997. Darasin da ke cikin labarin Hendry ga matashin Wusasa shi ne cewa sabo ya fi tsada tasiri. Miƙaƙƙiyar sanda mai matsakaicin kuɗi da fata mai kyau, wadda mutum ya riƙe shi kaɗai, ta ishe shi ya koyi duk abin da ake koya.

Akwai kuma atisayen da ba ya bukatar abokin karawa. A ajiye fara a tsakiyar faɗin tebur, a buga ta a miƙe zuwa ɗaya ƙarshen. Idan ta dawo ta taɓa bakin sanda, bugun ya fita daidai, teburin ma a daidai yake. Idan kullum gefe ɗaya take kaucewa, sai a sauya wuri a sake gwadawa, domin a gane ko hannu ne da laifi ko tebur.

Lissafin mai tebur da batun caca

Kuɗin mai tebur yana fitowa ne daga yawan wasannin da aka kammala a yini. Ƙyalle mai datti da matacciyar roba suna tsawaita wasa, su rage kuɗin shiga. Ban da kuɗin sayen tebur, akwai na sauya ƙyalle, da fatun baki da alli, da haske da dare ko na janareta ko na sola, da haƙƙin yaron da ke tsaro, da haya da harajin ƙaramar hukuma. Akwai kuma batun fili. Tunda sanda ta kusa ƙafa 5, ana bukatar sarari kamar haka a kowane gefe, wato teburi mai ƙafa 7 da faɗin ƙafa 4 yana son wuri mai kimanin ƙafa 17 da 14. Wanda ya cusa shi a ƙaramin shago zai ga ana ɗaga gindin sanda sama domin kauce wa bango, kuma irin wannan bugun ne ke yaga ƙyalle.

Abin da ya fi rufe rumfunan sunuka, duk da haka, shi ne ƙorafin unguwa. Iyaye da malamai suna kokawa da yaran da ke guje wa makaranta, da hayaniyar dare, da shaye-shaye a wasu wurare, sannan uwa uba caca. Musulunci ya haramta caca a fili, limaman coci ma suna wa'azi a kanta, kuma a gari irin Wusasa inda Musulmi da Kirista ke zaune gida da gida, ƙorafin daga ɓangarorin biyu yake zuwa. Har al'adar nan ta cewa wanda aka cinye shi zai biya kuɗin tebur, malaman Musulunci da dama suna ganin ta shiga cikin caca, tunda biyan ya rataya ne a kan ci ko faɗuwa. Mafita a nan ita ce kowa ya biya rabonsa kafin a fasa ƙwallaye, ko mutum ɗaya ya ɗauki nauyin biya ko ya ci ko bai ci ba.

Mai teburin da ke son ya daɗe yakan kafa ƙa'idojinsa tun ranar farko: ba a ɗora kuɗi a kan wasa, ba a karɓar ɗalibi a lokacin makaranta, ana ajiye sanda idan an kira salla, ana kuma rufewa a lokacin da maƙwabta suka amince da shi. Yakan sanar da mai unguwa kafin ya kafa rumfa. Waɗannan ƙa'idoji suna iya rage masa 'yan wasa a makon farko, amma su ne ke sa ma'aikaci da ɗan kasuwa su tsaya su buga wasa ɗaya bayan tashi daga aiki, su kuma bar 'ya'yansu su zo ranar Asabar.